Lallen Inna da Na'urar Biza

Ni fa har yau idan na ga mace da baƙin lalle a kan yatsu, sai bakina ya yi ta ƙaiƙayi in tambaye ta ko tana da tafiya a gaba. Sau biyu na yi wa matan da ban sani ba wannan tambayar a cikin keke. Ɗaya ta yi dariya, ɗayar kuwa ta yi mini wata harara da sai da na matsa gefe. Ba laifinsu ba ne, ba su san abin da lalle ya kusa ja mini ba.

A lokacin ina koyarwa a jami'a a nan Minna, ina kuma bincike a kan ruɓewar doya. Eh, ruɓewar doya, ku yi dariyarku, an riga ku. Shekara uku ina zuwa Gwada, in shiga rumbunan manoma in tsinto wadda fumfuna ta cinye, in zuba a buhu in kawo ɗakin gwaji. Direbobin hanyar duk sun san ni. Da sun hango ni da buhuna sai su fara sauke gilashi. Ɗalibaina kuwa a bayan idona Malamar Ruɓaɓɓiya suke ce mini, suna zaton ban sani ba.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga wani ɗakin bincike a Turai. Sun ba ni gurbi na shekara guda, in je in yi aiki da na'urorin da mu a nan sai a littafi muke ganinsu. Amma da sharaɗi, kuma sun rubuta shi ɓaro-ɓaro: in ban isa ba ranar da zangonsu zai fara, gurbin ya koma hannun wanda ke bi na a jeri. Babu a yi haƙuri, babu mota ce ta lalace a Lambata.

Daga nan na shiga duniyar takardu. Sai da na sabunta fasfo, domin dole wa'adinsa ya wuce ranar dawowata. Ga wasiƙar gayyata mai sa hannun shugaban ɗakin binciken, ga takardar da ke nuna wa zai ɗauki nauyin cina da kwanana, ga inshorar lafiya, ga adireshin ɗakin da zan zauna, ga takardun digiri da sai an buga musu hatimi. Hoto ma ba kowane ba. Bango fari, ba murmushi, fuska a buɗe daga goshi zuwa haɓa. Na je wurin mai hoto da farin hijabi, ya ɗauka, muka duba, sai ga fuska ita kaɗai tana yawo a farin bango babu wuya babu kafaɗa. Sai da na koma gida na canzo mai ruwan toka. Bayan duk wannan, bizar ma ta shiga ce kawai, ta wata uku. Idan na isa can sai in sake neman katin izinin zama, wanda shi ne zai riƙe ni har ƙarshen shekarar.

Na haɗa komai a wani koren fayil da ba na yarda kowa ya taɓa. Mako uku ina dannar waya kafin in samu ranar ganawa a cibiyar karɓar takardun biza a Abuja. Na je shagon fotokwafi aka fitar mini da takardar ganawar, na sa ta a saman fayil. Na karanta jerin abubuwan da ake buƙata ya fi sau ashirin. In da an tashe ni daga barci zan iya kawo shi a jere.

To, ga Inna. Tun rasuwar Baba ni da ita muke zaune a gidanmu na Sauka Kahuta, gidan da kakana ya gina bayan ya bar aikin reluwe. Inna mai ƙunshi ce, kuma ba ta wasa ba. Ba ta sayen garin lalle a leda. Wata 'yar uwarta ce ke aiko mata da ganye daga Wushishi, ita ke shanyawa, ta daka, ta tankaɗe, ta kwaɓa da lemon tsami. Idan ya kama ya yi ja, sai ta bi shi da gishirin lalle har ya koma baƙi wuluk. Tana da zunguru tun na aurenta, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu a ciki idan an ƙunsa, kuma har yau ta fi yarda da shi a kan leda. Abin alfaharinta a duniya ɗaya ne: lallenta wata guda yake yi a hannu, ko mai hannun wanke-wanken gidan biki take yi.

Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kama sunana. “Ke” nake, ko “yarinyar nan”, ko da kuwa na fara furfura. Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta rungumata, ƙannena su ne 'yan lele. Ranar da na nuna mata wasiƙar Turai, cewa ta yi, “To, madalla,” ta ci gaba da tsince shinkafa. Daga baya ne na ji a bakin maƙwabta cewa gida-gida ta bi tana ba da labari, har da ƙarin cewa Turawa ne suka roƙe ni.

Saura kwana biyu in tafi Abuja, bayan Azahar, ina zaune a tabarma da koren fayil ɗina, sai ga ta da kwano.

“Ke, miƙo hannu.”

“Inna, takardu nake dubawa.”

“Takardun nan ai sun kusa haddace ki. Za ki je gaban mutanen da ba su san gidanku ba da hannu fari fat kamar mai takaba? Su ce ba ki da uwa?”

Na ture fayil na miƙa. Kuma gaskiya da son raina na miƙa. Tun ina ƙarama, lokacin ƙunshi ne kaɗai Inna ke riƙe hannuna ta daɗe. Takan ɗora shi a cinyarta, ta bi yatsa ɗaya-ɗaya tana shafawa, tana faɗa wai na cika motsi. A ranar ma haka ta yi. Ta lulluɓe kan yatsun nan goma tas, har gaɓa ta biyu, ta zura hannu ɗaya a zunguru, ɗayan ta naɗe da ganye da tsumma. Sai dab da Magariba aka kwance. Washegari ta bi da gishiri. Kai, ya yi kyau! Ta ɗaga hannun a rana ta juya shi, ta ce, “Ba laifi.” A bakin Inna wannan lambar yabo ce.

Ranar ganawa na bi motar farko bayan Asuba. Aka sha ramuka har Suleja, na isa da sauran lokaci. A layi akwai wani bawan Allah a gabana da aka mayar saboda ya manta takardar inshora. Wallahi har tausayinsa na ji, irin tausayin nan mai haɗe da jin kai, ina cewa a raina mutane ba sa karatu. Da aka zo kaina, ma'aikaciyar, wata matashiya mai tabarau, ta bi takarduna ɗaya bayan ɗaya tana gyaɗa kai. Babu abin da ya ɓace. Ta ce saura ɗaukar zanen yatsu, ta nuna mini wata 'yar na'ura mai gilashi a sama.

Na ɗora yatsu huɗu na dama. Allon kwamfutar ya nuna ja. Ta ce in danna sosai, na danna, ja. Ta goge gilashin, ta ba ni auduga na goge hannu, muka koma na hagu, ja. Sai ta kamo hannuna ta juya shi, ta ajiye Turancin da take yi ta koma Hausa.

“Hajiya, lalle ne. Ya yi kyau kam, amma na'urar ba ta ganin zanen. Baƙin ya rufe shi.”

“To a rubuta cewa ni ce mana. Ga ni, ga fasfo, ga fuskata.”

“Ba a tura fayil sai da yatsu. Ko ni aka ba wa ikon, kwamfutar ba za ta wuce wannan shafin ba.”

Ta kira shugabarta, aka sake gwadawa, ba ta canza zane ba. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ta duba ta samo mini wani gurbin bayan kwana goma sha biyu. Ta ce in har ranar ma lallen bai fita ba, sai dai in koma layin neman rana daga farko. Ina tsaye a wurin na yi lissafi da waɗannan yatsun da suka jawo abin. Saura kwana arba'in da biyu a fara zango. Kwana goma sha biyu na jira, sannan fitowar biza kan iya cin mako huɗu. Kwana biyu kacal ke tsakanina da rasa gurbin Turai, shi ma in lallen wata guda ya yarda ya fita a kwana goma sha biyu.

Ina da zuciya, kowa ya sani, gadon Baba ce. Daga Abuja har Minna ina dafa ta a mota, ina isa gida kuwa na juye ta a kan wadda ba ta cancanta ba. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago da fara'a ta ce, “An samu?”

“An samu me? Inna, kin kashe ni! Shekara uku ina dakon ruɓaɓɓiyar doya, kwano ɗaya na lalle ya rusa komai. Sun ce na'ura ba ta ganin yatsuna. Wa ya ce ki sa hannu a abin da ba ki sani ba?”

Wannan ta ƙarshen ita ce har yau nake jin kunyarta. Inna ba ta yi boko ba. Duk watannin nan tana kallona ina jujjuya takardun da ba za ta iya karanta ko layi ɗaya ba, kuma abu guda da ta iya, shi ta kawo. Ta dube ni, ta dubi hannun, ta ce, “To.” Ta tattara rariyarta. Da yamma na ga ta tura zungurun can ƙarƙashin gado.

Washegari da safe na ɗauko bilic na wankin fararen kaya na tsiyaya a roba, na nemo dutsen goge kaushi. Na zauna ke nan zan tsoma hannu, sai ga Sista ta shigo aron turmi. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga kudancin Kaduna, shi ya sa duk unguwa ke ce mata Sista. Shekara talatin suna tare da Inna. Ita ke kawo mana shinkafar Kirsimeti, mu muke kai mata naman layya. Hausarta kuwa tata ce ita kaɗai: kowa “kai” ne a wurinta, mace ko namiji, kuma ba ruwanta da ƙa ko ɗa.

“Kai! Kai yarinya, me kana yi? Kana so ka kone hannunka?”

Ta fizge robar ta watsar a kwata. Na ba ta labari ina huci. Ta saurara, ta kama yatsuna ta duba kamar a asibiti.

“Duk karatun da ka yi? In ka sa wannan, fata zai sabule, zanen ma zai tafi gaba daya. Sai ka je Abuja da hannu sumul, injin ya ce ba mutum ba ne. Lalle yana kan fata na sama. Fata na sama yana fita da kansa, mu dai za mu taya shi sauri.”

Maganin Sista shi ne ruwan ɗumi da gishiri sau uku a rana, sai aiki. Wanki, wanke-wanke, duk abin da zai sa hannu ya daɗe a ruwan sabulu. Da yamma kuma a shafe shi da man kaɗanya don kada ya tsage, domin tsagewa ma na'ura ba ta so.

Ban san yadda labarin ya fita ba, amma kafin Azahar duk layinmu ya ji cewa Malamar jami'a na neman wanki kyauta. Jama'a, ashe haka mutane ke ɓoye dauɗa! Labulayen da ba su ga ruwa ba tun babbar Sallah, zannuwan gado, shimfiɗar kujeru, har da wata darduma da na rantse ta girme ni. Mai ƙosan bakin titi ta aiko da wake a ce in taya ta cire ɓawo, wai shi ma yana cin lalle. Na zauna a kan kujerar tsugunno, da digirina biyu, ina cuɗa labulen mutane, mata na wucewa suna cewa, “Sannu da bincike, Malama.”

Duk wannan Inna harkar gabanta take yi. Tana dafa abinci, tana ajiye mini nawa a rufe. In na gaishe ta ta amsa, shi ke nan. A rana ta uku Sista ta shigo da wani ƙaton ƙunshin kaya a ka, ta dire a gabana.

“Ga wannan kuma. Rigunan 'yan kwaya ne, guda ashirin.”

Inna na bakin murhu, ta juyo da sauri. “Sista! 'Yan ƙwaya? Kayan 'yan ƙwaya za ki kawo mini gida? Ina kika san su?”

“A cocinmu mana. Ni ne shugabansu.”

“Ke ce shugabar 'yan ƙwaya?”

Sai da Sista ta warware wata doguwar riga mai ruwan shuɗi da farar kwala, ta kara a jikinta ta fara rera waƙa tana rangaji, sannan Inna ta gane mawaƙan coci ake nufi. Ta saba duk inda Sista ta ce ka, ita sai ta gyara a ranta ta mayar ƙa, yau kuma gyaran ya kai ta daji. Inna ta yi dariya har ta zauna a ƙasa tana share hawaye da bakin zane. Dariyarta ta farko ke nan tun dawowata daga Abuja, na kuma ji daɗinta fiye da yadda zan iya faɗa.

A yammacin ranar ina fama da man kaɗanya, hannu ɗaya na shafa wa ɗaya, sai ta zo ta zauna kusa da ni ta karɓe kwalbar. Ta ɗora hannuna a cinyarta. Ta bi yatsun ɗaya-ɗaya tana murzawa a hankali, ba ta kalle ni ba.

“Shekara talatin ina roƙon lalle ya kama,” in ji ta. “Yau ni ce ke roƙonsa ya tafi.”

Akwai wani mai rajistar layin waya a cikin kasuwar Sauka Kahuta, dattijo mai barkwanci, yana da 'yar na'urar ɗaukar yatsa. Sista ce ta ce mu riƙa gwadawa a wurinsa. Kullum da safe sai in je in ɗora yatsu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya sanar da sakamako da ƙarfi kamar mai gwanjo. Rana ta biyar, biyu suka fito. Rana ta bakwai, biyar. Masu tumatir da mahauta duk suka shiga cikin maganar. Ina shigowa kasuwa za a fara, “Malama, yau yatsa nawa?” Wani mai nama har cewa ya yi in kawo babban yatsan ya ɗan fere mini shi, hannunsa bai taɓa kuskure ba.

A rana ta takwas ne asirina ya tonu. Sista ta ce in kawo takardun ta gani, ko akwai wani abin da zai sake mayar da ni. Na ba ta koren fayil, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Ta sa tabarau, ta ɗauki takardar ganawar ta karanta, sannan ta yi abin da ni ban taɓa yi ba sau ɗaya a cikin karatuna ashirin. Ta juya bayanta. Ashe mai fotokwafi gaba da baya ya buga.

Ta karanta a hankali, da Turanci, sannan ta fassara wa Inna da Hausarta, tana jan kowace kalma. Mai neman biza ya tabbatar babu lalle, ko rauni, ko wani ado a kan yatsunsa ranar ganawa. Ga shi nan a layi na biyu, ba ma da ƙananan baƙaƙe ba.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna ta karɓi takardar, ta riƙe ta a juye, ta duba gaba ta duba baya.

“Wato an rubuta.”

“An rubuta, Inna.”

“Kuma a gidan nan mutum ɗaya ce ta iya karatu.”

Na sauka daga kujera na durƙusa a gabanta. Na ce ta yafe mini, ba don lallen ba, don maganar da na faɗa. Na ce laifina ne daga farko har ƙarshe, kuma ko da nata ne, ban isa in ɗaga mata murya ba. Na yi kuka sosai, ba na ɓoyewa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, “Tashi, kina ɓata lokaci. Akwai sauran labulen gidan mai unguwa.” Daga ranar kuma duk takardar da ta gani a hannuna, ko ta maganin sauro ce, sai ta ce, “Ke, an duba bayanta?”

Rana ta goma sha ɗaya dattijon kasuwa ya sanar da tara. Babban yatsan dama ne ya ƙi, domin shi Inna ta fi cika wa lalle. Na koma Abuja da tara a hannu da ɗaya a wurin Allah. Ma'aikaciyar nan mai tabarau ta gane ni, ta kama hannun ta duba, ta ce, “Hajiya, wanki kika sha?” Na ce ta bari kawai. Yatsu huɗu na dama, kore. Huɗu na hagu, kore. Manyan yatsu biyu, ja. Ta goge gilashi, ja. Ta ce in hura wa yatsan iska daga baki, in ɗora a hankali, kada in danna kamar mai kashe kiyashi. Na hura, na yi bismillah, na ɗora. Kore! Na yi wata guɗa da ban san na iya ba, har mai gadi ya leƙo.

Fasfo ya dawo da biza a ciki saura kwana huɗu a fara zango. Unguwa ta ɗauka. Sista ta zo da rawa, mai ƙosai ta aiko da na kyauta, dattijon kasuwa ya ce shi ma a sa sunansa a cikin binciken.

Ana gobe zan tafi, da hantsi, sai ga Inna da kwano. Na ɓoye hannuwana a bayana tun kafin ta yi magana. Na ce, “Inna, can ma akwai na'ura. In na isa sai an sake ɗaukar yatsu kafin a ba ni katin zama.”

“Na ji. Ƙafa fa? Ita ma suna ɗaukar hotonta?”

“A'a.”

“Kin duba bayan takardar?”

“Na duba, Inna.”

“To miƙo ƙafa.”

Ta yi mini jan lalle a tafin ƙafa da gefe, ta cika faratan, musamman na manyan yatsu. Tana naɗewa ta tambaye ni katin nasu na wata nawa ne. Na ce shekara guda. Ta danna farcen babban yatsana da nata yatsan.

“Na fata zai tafi a wata guda. Na farce ba ya goguwa, sai dai farcen ya tsiro ya ture shi, kuma wannan babban shekara yake ci. Su sun ba ki nasu izinin, ga nawa. Kafin jan nan ya ƙare, ina so in gan ki a gidan nan.”

Na isa ana gobe za a fara zango. Na yi rajistar adireshi, na samu ranar zuwa ofishin baƙi, na je da sabon fayil da na duba gaba da baya. Na'urarsu ta karɓi yatsun nan goma a bugu ɗaya, ko gardama babu, har na ji haushin sauƙin abin. Bayan 'yan makonni katin ya iso, da hotona da ranar ƙarewarsa a rubuce.

Amma ni ba katin nake dubawa ba. A can ƙafa kullum tana cikin safa da takalmi saboda sanyi, sai wurin alwala nake ganinta. Na tafin ƙafa ya tafi kamar yadda ta ce. Na farce kuwa ya tsaya, sai wani farin layi da ya ɓullo daga tushe yana tura jan gaba a hankali. Lokacin dusar ƙanƙara ja ya fi yawa. Da rana ta fara dawowa sun yi rabi da rabi. Akwai ranakun da kewar gida ta kama ni har na kasa cin abincinsu, sai in zauna a bakin gado in cire safa in yi ta kallon babban yatsana kamar wata marar hankali.

Dab da ƙarshe aikin ya nemi ƙarin mako biyar. Ofishin baƙi ba su ba ni wahala ba, wasiƙa ɗaya daga shugaban ɗakin binciken suka nema, suka ƙara mini wa'adi. Na Inna ne ba shi da ofishin da ake zuwa. Jan ya riga ya kai baki, saura ɗan siriri. Sai kawai na daina yanke farcen. Ya yi tsawo, ya huda mini safa uku, takalmi ya riƙa matsa ni ina ɗingishi a ɗakin gwaji, abokan aiki na tambaya ko na ji ciwo ne. Na ce musu al'ada ce.

Na sauka a Sauka Kahuta da La'asar, keke biyu da kaya. Sista ta fito da gudu ta rungume ni tana, “Ka yi fari! Ka rame!” Inna na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar daga Gwada na dawo. Ko ruwa ba a kawo ba ta ce, “Cire takalmin.”

Na cire, na zare safa. Ta ari tabaran Sista, ta sunkuya. Can a bakin farcen, ga ɗan jan layi kamar zare.

“Wannan farcen mutum ne ko na shaho? Maguɗi kika yi.”

“Amma akwai ja, Inna.”

Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa yatsa ta shafa wurin.

“Akwai,” in ji ta.

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ji tana jan wani abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da zungurun a hammata, da reza, da kwano a rufe. Ta buɗe, lallen ya riga ya tsumu, tun safe aka kwaɓa shi.

“Akwai wata na'urar da ke jiranki?”

“Babu, Inna.”

“To miƙo hannu.”

Na miƙa mata duka biyun.